Yadda Ake Zuwa Yanbu Daga Jidda a Hutun Ƙarshen Mako da Jakar Goyo Ɗaya

Da yawa daga cikinmu Hausawa mazauna Jidda da Makka mun shekara goma ko fiye a ƙasar nan, amma abin da muka sani na Bahar Maliya bai wuce Kornish, wato titin bakin teku na Jidda, ba, alhali mutum yana iya kama motar naƙal jama'i, wato babbar motar haya ta tsakanin garuruwa, da yammacin Alhamis, ya kwana biyu a Yanbu, garin bakin teku da ke arewa da Jidda, ya dawo bakin aikinsa ranar Lahadi ba tare da ya taɓa kuɗin da yake aikawa gida ba. Tsakanin garuruwan biyu kimanin kilomita 330 ne, kuma babbar mota takan ci tafiyar cikin awa huɗu ko sama da haka, gwargwadon tsaye-tsayen da za ta yi.

Shawarata ita ce a tashi ranar Alhamis bayan an tashi daga aiki. Hutun mako a Saudiyya Juma'a da Asabar ne tun shekarar 2013, don haka wanda ya jira safiyar Juma'a ya riga ya salwantar da rabin yini a kan kujera. Bayan haka kuma, a mazhabar Malikiyya da yawancinmu muka tashi a kai, makaruhi ne wanda Juma'a ta wajaba a kansa ya fita tafiya bayan alfijir, haramun ne kuma bayan zawali idan ba zai riske ta a hanya ba. Wanda ya kwana a Yanbu ya kuɓuta daga wannan duka. A sayi tikitin zuwa da dawowa ta manhajar kamfanin motar tun farkon mako, a kuma karanta sunan tashar da ke jikin tikitin da kyau, domin ba kowace mota ce ke tashi daga wuri ɗaya ba.

Abu na farko da zai shiga jaka shi ne iƙama, wato katin izinin zama, kuma a tabbata ba ta ƙare ba, saboda ana tambayar ta wajen shiga mota da wajen kama ɗaki, ga kuma shingayen bincike a hanya. Sauran kaya ba su da yawa: tufafi kala biyu, tawul, darduma mara nauyi, cajar waya, gorar ruwa, da takalmin roba mai rufe ƙafa. Kada a manta da rigar sanyi ko da a tsakiyar zafi ne. Na taɓa rena wannan, na kwashe awa uku ina rufe bututun na'urar sanyaya mota da hular kaina, yayin da wata dattijuwa a kujerar gabana ta lulluɓe jikanta da mayafinta tana barci abinta.

Motar za ta wuce ta kusa da Suwal, inda jami'ar kimiyya da fasaha ta KAUST take, sannan Rabig, wadda alhazai suka sani saboda miƙatin Juhfa da ke kusa da ita. A nan ya kamata in gaya wa mai karatu gaskiya: titin ya ɗan ja baya daga gaɓa a wurare da yawa, kuma mafi yawan abin da ido ke gani fili ne fetal da duwatsu daga nesa. Kallon teku sai an sauka.

Yanbu kashi uku ce, kuma wanda bai san haka ba yana iya sauka nesa da inda ya nufa. Akwai Yanbu Sina'iyya, garin matatun mai da masana'antu da aka gina ƙarƙashin hukumar raya Jubail da Yanbu da aka kafa a 1975. Akwai Yanbu Nakhal ta gonakin dabino a cikin tudu. Sai Yanbu Bahar, tsohuwar tashar jiragen ruwan Madina, wadda ita ce masaukin mai jakar goyo. A nemi ɗaki a gidajen haya da ake kira shuƙaƙ mafrusha, musamman idan mutum uku ko huɗu ne za su raba kuɗin.

Safiyar Juma'a ta teku ce. Bayan sallar asuba a ɗauki tasi zuwa Sharm Yanbu, wani lungun teku da ke arewacin gari inda ruwan yake kwance, kuma a daidaita da direban lokacin da zai dawo, don samun mota daga can ba tabbas ba ne. A yi iyo a wuraren da aka ware kawai, da takalmi a ƙafa, saboda duwatsun murjani suna yanka kamar reza, kuma kada a ɓalle ko guntu ɗaya a matsayin tsaraba. Lambar Haras al-Hudud masu tsaron gaɓa ita ce 994.

Bayan la'asar sai a shiga tsohuwar unguwa, inda gidajen dutsen teku suke da tagogin katako masu sassaƙa irin na tsohuwar unguwar Balad a Jidda, waɗanda ake kira rawashin. A cikinta ne kasuwar Suƙ al-Lail take, wato kasuwar dare, mai busasshen kifi da dabino da zuma. Kada a bar garin ba a ci sayadiyya ba, shinkafar da ake dafawa da soyayyar albasa har ta yi ja-ja, a ɗora mata kifi. Kifin najil ya fi tsada, sha'ur kuwa ya fi sauƙi kuma bai gaza a daɗi ba. A tambayi farashin kilo kafin a soya.

Za a samu mai cewa a ƙarasa Umluj, kimanin kilomita 150 gaba, don ganin tsibiranta. Wurin ya cancanci zuwa, amma ba a cikin kwana biyu ba, sai an samu hutun salla. Lokacin da ya fi dacewa da tafiyar duka shi ne daga Nuwamba zuwa Maris. A dawo da motar la'asar ranar Asabar, a zaɓi kujerar taga ta hannun dama, domin ta can rana za ta faɗi yayin da motar ke gangarowa kudu zuwa Rabig.