Abinci Bayan Cire Haƙorin Ƙurya: Kurakuran da Ke Mayar da Ciwo Sabo

Haƙoran nan huɗu na can ƙuryar baki, masu fitowa tsakanin shekara 17 zuwa 25, sukan zo a karkace ko su maƙale cikin dasashi, dole sai an cire su. Da an cire, jini yakan taru a ramin ya daskare. Wannan gudan jinin shi ne murfin ƙashi da jijiya, kuma da shi sabon nama ke fara tsirowa. Idan ya fita kafin lokacinsa, ƙashi ya zauna a fili, bayan kwana biyu zuwa huɗu sai zugi ya taso yana harbawa har kunne, baki kuma ya soma wari. Haƙorin ƙasa ya fi yin haka. Yawancin kurakuran abinci na makon farko gudan jinin nan suke taɓawa.

Wasu tun a hanyar gida suke soma ci, alhali allurar kashe zafi ba ta sake su ba. Leɓe da harshe kan yi awa biyu zuwa huɗu a mace, wani lokaci fiye da haka, mutum ya ciji kansa ko shayi ya ƙona shi bai sani ba. A jira har ji ya dawo. Ko ya dawo ɗin, ranar farko ba a shan komai da zafinsa, domin zafi yana buɗe hanyoyin jini, ramin ya koma tsattsafowa. A bar kunu ya huce, a ɗiga kaɗan a bayan hannu kamar yadda ake gwada wa jariri. In akwai sauran zafi, a ƙara jira.

Sai tsotso, wanda zai iya zare gudan jinin. Likita kan ce kada a sha da tsinken shan lemo, mutum ya kiyaye, amma ya manta cewa ruwan leda ma haka yake: a ciji gefe, a zuƙa da ƙarfi, iska ta ja ramin. Haka yogot na leda, da lemon zaƙin da ake yanke wa kai a tsotse, da alewa. Duk abin sha a juye shi a kofi, a kurɓa a hankali ko a sha da cokali, har mako guda. Taba da shisha sun haɗa illa biyu, zuƙa da hayaƙin da ke hana rauni warkewa. Mafi ƙaranci a yi awa 72 ba a taɓa su ba, in an kai mako ya fi. Yawan tofar da yawu ma yana girgiza wurin.

Wani kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗaukar cewa duk abu mai taushi ya halatta. Taushi kaɗai bai isa ba, sai an duba ko abincin yana da tsaki-tsaki. Fura ba ta da tauri, amma da wuya a dama ta ba a bar gudaji da ɓarɓashin gero ba, ga citta da barkono da aka daka a ciki. Ɓarɓashin nan kan faɗa ramin haƙorin ƙasa ya zauna, harshe ya riƙa kai masa ziyara, daga nan a ɗauko tsinken sakace, shi ke nan an tone rauni. Dafaffiyar shinkafa, dambu, burabusko, garin kwaki da riɗi duk haka suke. Mai son fura ya sa a markaɗe ta sosai, a tace da rariya, a dama da nono. Kunun gyaɗa a yi shi da gari, ba tare da ƙwayar shinkafar da ake zubawa ba. Koko a rage masa kayan yaji. Kunun tsamiya da zoɓo a ɗan jinkirta su, tsami yana sa rauni raɗaɗi.

Tuwo kuwa alheri ne ga mai wannan jinya, tunda haɗiye shi ake yi. Daga kwana na biyu ko na uku a tuƙa shi da laushi, a yi ƙananan loma, da miyar kuka ko ta busasshiyar kuɓewa da aka daka ta yi gari. Ɗanyar kuɓewa tana da 'ya'ya, a bar ta tukuna. Yaji a sa kaɗan, ko a bar shi gaba ɗaya.

Akwai kuma masu tsoron ci baki ɗaya, su wuni a kan shayi da lemon kwalba. Wannan yana ja da warkewa baya, don jiki ba ya gina sabon nama da sukari. Ga shi magunguna irin su ibuprofen suna cin ciki idan babu abinci, wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta kuma suna tayar da zuciya. A ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana: ƙwai da aka soya sama-sama bai ƙandare ba, alale mai taushi, faten wake da aka surfe aka dafa ya narke, faten dankali ko na doya da aka farfasa da ludayi, kifi da aka zare wa ƙaya tsaf, ayaba, gwanda, kindirmo. A tauna ta ɗaya gefen. Muƙamuƙi kan sage a kwanakin farko, kumburi ma ya fi tsanani a kwana na biyu da na uku, don haka ƙaramin cokali ya fi shiga baki.

Wajen tsaftace baki ana yin kuskure ta fuska biyu. Wani ya dawo gida ya hau kurkura da ƙarfi, wani kuma ya yi mako bai wanke baki ba. Awa 24 na farko ba a kurkura. Wajen alwala a sa ruwa kaɗan, a sunkuya ya zubo da kansa. Bayan awa 24 ɗin a narkar da rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwa mai ɗumi, a guntsa, a karkata kai gefe da gefe, a bar shi ya zuba, sau uku ko huɗu a rana, musamman bayan cin abinci. Sauran haƙora a goge su da buroshi mai taushi, asuwaki kada ya kai ramin. Cusa kanumfari ko gishiri a ciki yana ƙona naman da ke tsirowa. In jini ya dawo, a naɗe tsaftatacciyar audugar asibiti, a ɗan jiƙa ta, a cije a kai minti 30 ba tare da leƙawa ba.

Da zugi ya lafa a kwana na huɗu, sai a ga mutum ya nufi wurin mai tsire. Rauni bai rufe ba tukuna. Kilishi, tsire, ƙuli-ƙuli, aya, gyaɗa, goro da rake su jira kamar mako biyu, musamman in an yanka dasashi an yi ɗinki. Idan kuwa ciwo ya ƙaru maimakon ya ragu, ko zazzaɓi ya shiga, ko ruwan ƙurji ya fito, a koma wurin likitan haƙori a ranar. In haɗiya ko numfashi ya soma wuya, a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.