Yadda ɗalibin Damagaram zai nemi tallafin digirin digirgir a kimiyya da injiniyanci

Ɗalibin da ya kammala mastar a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, ko ya dawo gida da ita daga Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, kuma yana da burin yin doktora, abin da ya kamata ya fara yi shi ne karanta sharuɗɗan kowane tallafi kafin ya cika takarda ko ɗaya. Ana yawan yawo da sanarwa a WhatsApp game da kuɗin da aka ware wa ɗalibai ƴan tsiraru a Amurka, irin shirin da Gidauniyar Sloan ta buɗe a 1995 domin baƙaƙen fata da masu tushen Latin Amurka da ƴan asalin ƙasar na farko. Shiri ne mai kyau, amma na ƴan ƙasar Amurka ne, saboda haka ɗan unguwar Birni ko ta Zango a Damagaram da ya shafe mako yana cika shi ya yi aikin baban giwa.

Ƙofofin da ɗan Nijar zai iya ƙwanƙwasawa suna nan. A gida akwai hukumar ANAB mai kula da tallafin karatu na gwamnati, sannan akwai shirin WASCAL na binciken yanayi a Afirka ta Yamma da Jamus ke ɗaukar nauyinsa, wanda reshensa na Jami'ar Abdou Moumouni ya shafi sauyin yanayi da makamashi. A waje akwai asusun tallafin doktora na Rsif da cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Nairobi ke gudanarwa domin ƴan Afirka kudu da Sahara, da tallafin Bankin Musulunci na Raya Ƙasashe, da na ƙungiyar masana kimiyya ta TWAS da masanin kimiyya ɗan Pakistan Abdus Salam ya kafa a 1983 a birnin Trieste na Italiya. Mata kuwa suna da ƙari a kan waɗannan, domin ƙungiyar OWSD ta mata masana kimiyya tana biya wa mace karatun doktora a wata ƙasa mai tasowa wadda ba tata ba, haka ma Gidauniyar Schlumberger tana da shiri na mata zalla. A ganina ƴan'uwanmu mata ba sa neman waɗannan biyun yadda ya kamata, sau da yawa don ba wanda ya gaya musu.

Sai dai sanin sunayen ba shi ne aikin ba. Masu tantancewa suna ba da kuɗi ne ga tambaya guda bayyananniya da kuma malamin da ya yarda zai duba aikin, don haka kada ka rubuta cewa kana son ka yi bincike a kan ruwa ka tsaya nan. Kowa ya san garin nan na Damagaram a kan dutse yake zaune, kuma tun daga Gogo-Machaya da Aroungouza ake janyo masa ruwa. Wanda ya taɓa ganin layin jarkoki masu ruwan ɗorawa a bakin famfo tun kafin sallar asuba a watan Afrilu ba ya buƙatar a yi masa bayani. Ka mayar da wannan abin da idonka ya gani tambaya: rijiyoyi nawa za ka auna, a wane yanki, gishiri ko wane sinadari kake nema, da wace na'ura, cikin wata nawa. Injiniya ma haka, ko matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011 ya nufa, ko famfon burtsatse mai aiki da hasken rana.

Da ka samu tambayar, sai ka nemi malami. Ka karanta aƙalla maƙala biyu daga cikin waɗanda ya wallafa, ka rubuta masa gajerar wasiƙa da ke nuna inda aikinsa ya haɗu da naka, ka haɗa da shafi biyu na tsarin binciken da takardar sakamakonka. Idan mako biyu sun wuce shiru, ka tuna masa sau ɗaya cikin ladabi, sannan ka nemi wani.

Takardu kuma a fara tara su shekara guda kafin lokaci: fasfo mai sauran kwana, kwafin difloma da aka buga wa hatimi a ma'aikatar magajin gari, fassarar su zuwa Ingilishi daga hannun mai fassara da hukuma ta amince da shi, da wasiƙun shaida daga malamai biyu ko uku da suka san aikinka da gaske. Tunda karatunmu da Faransanci ne, Ingilishi shi ne turɓayar da ke riƙe ƙafar da yawa daga cikinmu, kuma jarrabawar gwajin Ingilishi ta TOEFL ko IELTS ba a shirya mata cikin wata ɗaya.

Kada a bar aikawa sai ranar ƙarshe. Na san wani ƙane da ya zauna loda takardunsa a daren rufewa, wuta ta ɗauke, intanet ɗin wayarsa ya yi ta juyawa har sha biyu ta buga, ya jira wata shekara. Ka aika saura mako guda, ka ajiye saƙon tabbaci da suka turo maka, kuma duk wanda ya ce ka tura masa kuɗi domin ya sa sunanka cikin waɗanda za a zaɓa, ka toshe lambarsa.