Yadda Nake Rainon Ƙatuwar Kabewa

Fara da iri nagari, Atlantic Giant, wanda Howard Dill na Kanada ya samar. Masu himma sun haura kilo 1,000 da shi.

Idan yaɗo ya miƙe, riƙa binne gaɓoɓinsa, kowace gaɓa sabuwar saiwa za ta fitar. Da sassafe nake tsinko furen namiji in goga a na mace da hannuna. Abin da ya fi ciwo shi ne cire 'ya'yan, ka bar ɗaya tal. Shimfiɗa mata yashi, ka lulluɓe ta da farin zane kada rana ta taurara ɓawonta ta tsage.

Wasu manoma sun rantse madara ce sirrin, har su tsaga yaɗo su ɗura. Kada ka kuskura, ruɓa kawai zai jawo. Ruwa take so kullum, ba fashi.