Yadda za ki tafi koyar da Turanci a ƙasar waje ba tare da ɗan konekshan ya sayar da ke ba

Tun da na dawo Kumasi, da wuya wata ya ƙare ba a turo mini wata yarinya har gida a Aboabo ba, riƙe da waya, tana cewa, "Anti, don Allah ki duba mini wannan." In na karɓa kusan kullum abu ɗaya nake gani: hoton aji mai sanyin na'ura, albashi da dala, gida kyauta, sai kuma lambar momo da za a tura kuɗin fom kafin Juma'a. Wasu na samu na tare su. Wasu kuwa sun riga sun biya, albarka kawai suka zo nema.

Aikin nan akwai shi, na yi shi shekara huɗu, kuma da shi na yi wa mamata rufin ɗaki. Amma hanyar da yawancin 'yan matan zango ke bi zuwa gare shi ita ce mai kai mutum ya baro. Ba zan tsaya kan fasfo da katin allurar shawara ba, wannan kowa ya sani.

Fara da sanin inda koren fasfo ɗinki yake da daraja

Kin yi karatu da Turanci tun daga firamare, kin iya shi fiye da wasu Turawan ma, amma masu ba da biza ba bakinki suke dubawa ba, bangon fasfo suke dubawa. Koriya ta Kudu, alal misali, bizarta ta malaman Turanci mai suna E-2 an gina ta ne a kan 'yan ƙasashe bakwai: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ostareliya, Niyu Zilan, Ailan da Afirka ta Kudu. Gana ba ta ciki. Duk wanda ya ce zai kai ki Koriya koyarwa da fasfo ɗin Gana, ki tambaye shi da wace biza, ki ga yadda zai fara kame-kame. Sin ma ba kamar da ba ce. Tun a 2021 gwamnatinsu ta murƙushe kamfanonin lesin na bayan makaranta masu neman riba, inda baƙi da yawa ke samun abin yi, kuma ko kafin nan takardar izinin aiki ta malamin Turanci ba ta zuwa wa ɗan Afirka ta Yamma da sauƙi.

Japan ta fi buɗe ƙofa. Sharaɗin bizar malami a can shi ne digiri da shaidar cewa kin yi shekara 12 ana koyar da ke da Turanci, kuma wannan muna da shi. Tailan da Biyetnam suna ɗaukar waɗanda ba Turawa ba, sai dai za su nemi sakamakon jarrabawar Turanci, kuma ki sani tun yanzu sau da yawa Baturen da ke ajin kusa da naki zai fi ki albashi ko da ba shi da rabin takardunki. Akwai makarantun da za su ga hotonki su daina amsa saƙo. Abin da ciwo, amma gara su yi shiru tun kina Kumasi.

Ni dai a ra'ayina, wadda ba ta taɓa fita ba ta fara da makwabta. Lome da Abijan cike suke da iyayen da ke son 'ya'yansu su iya Turanci, yarjejeniyar ECOWAS ta ba ki shiga ba biza har kwana 90, akwai zango, akwai masallaci, akwai mai koko da ƙosai. In abu ya ɓaci, kuɗin mota kawai kike buƙata. 'Yan mata suna raina wannan saboda ba a hawa jirgi. Shekara biyu a can kuwa tana gyara takardar neman aiki fiye da yadda kike zato.

Takardu

Digiri shi ne tushe, ko na Winneba, ko na Cape Coast, ko na Legon, ko na kwalejin horar da malamai tunda yanzu su ma digirin shekara huɗu suke bayarwa. Ki gama bautar ƙasa. Ki samu lasisin koyarwa na NTC, hukumar malamai ta Gana, wanda aka fara jarrabawarsa a 2018, don makarantun kirki a Turkiyya da ƙasashen Larabawa lasisi da gogewar shekara biyu suke tambaya kafin komai.

Sai takardar TEFL, wato shaidar kwas ɗin koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne. A nan ake asarar kuɗi. Intanet cike yake da kwas ɗin da za ki gama a ƙarshen mako guda a turo miki satifiket mai zinariya a gefe. Araha ba ta ado. Kada ki sayi abin da bai kai awa 120 ba, kuma in da hali ki nemi wanda ake sa ki gaban ɗalibai na gaske ana duba ki. CELTA ta Kambirij ita ce uwa, akwai awa 6 na koyarwa a gaban mai dubawa, amma tsadarta sai a hankali. Ni sai da na yi shekara ina aiki na iya biya. In ba ki da kuɗinta yanzu, TEFL mai kyau da lasisin NTC sun isa farawa. IELTS kuma, jarrabawar gwada iya Turanci, kada ki yi gaggawar zama, shekara biyu kawai sakamakon yake aiki, ki bari sai kin san ƙasar da kika nufa ta nema.

Takardar shaidar rashin laifi ni a hedkwatar 'yan sandan CID ta Ankara na karɓa, na bi motar dare daga Asafo. Ankaran tamu nake nufi, ba ta Turkiyya ba, don na taɓa faɗa wa wata tsohuwa zan je Ankara neman takardar tafiya Turkiyya ta ce to ai na riga na isa. Daga nan sai ma'aikatar harkokin waje ta buga wa digirinki hatimi, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za ki. Ki yi wannan da ƙafarki. Asalin digirinki kada ya kwana a hannun kowa.

Biza, inda ni na faɗi

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan. Tafiyata ta farko wani ɗan konekshan ne ya haɗa, mutumin da ke sallah a sahun gaba, wanda ya san babana tun ina goye. Ya kawo wasiƙar ɗaukar aiki daga wata makaranta a wata ƙasar Asiya, da tambari da sa hannu. Da fasfo ya dawo sai na ga bizar yawon buɗe ido ce. Na tambaya, ya yi dariya ya ce, "'Yata, haka kowa ke tafiya. Kina isa makaranta za ta canza miki." Mamata ta riga ta kwashe adashinta ta ba shi. Kunya ta hana ni sake magana.

Makarantar akwai ta, yaran ma akwai su. Ran da na isa matar ofis ta karɓi fasfo ɗina ta ce za a kai wa hukumar shige da fice, ta jefa shi cikin durowa ta murɗa makulli, na ji ƙarar da kunnena. Wata uku ina koyarwa ba a canza komai ba. Albashi ya zo rabin abin da ke cikin wasiƙa, aka ce ana cire kuɗin gida da na takardu. Duk ranar da jami'ai suka shigo unguwar, sai a zo a ce in bar aji in shiga ɗakin ajiye tsintsiya in zauna a kan bokiti har su wuce. Ina da digiri, ina zaune a kan bokiti, ina jin yarana suna rera waƙar da na koya musu. Ba ni da bakin kai ƙara, don a idon doka ni ce mai laifi, ni ce na yi aiki da bizar baƙunta, kuma kwanakinta sun ƙare ana lissafa mini tara. Wata malama 'yar Filifin ce ta ranta mini kuɗi, ta kuma tsaya mini har aka sako fasfo ɗin.

Saboda haka dokata ɗaya ce, kuma ba na sassauta ta ko ga wa: kada ki taka filin jirgi sai bizar da ke cikin fasfo ɗinki ta aiki ce, kuma takardar izinin tana ɗauke da sunan makarantar da kalmar malami. Na san za a ce miki wance ta tafi da ta yawon buɗe ido an canza mata. Ana yi, musamman wa masu fasfo ɗin Turai. Ke in an kama ki ba wanda zai ce kuskure ne.

Ki koyi sunan bizar da kanki, a shafin ofishin jakadancinsu, kafin ki yi magana da kowane ejan. A Tailan ana kiranta Non-B, sannan izinin aiki ya biyo baya. A Kuwait lamba ce: biza 18 ta ma'aikacin kamfani ko makaranta mai zaman kanta, biza 20 ta 'yar aikin gida. Lamba biyu ce tsakaninsu, amma mai biza 20 gidan wani za a kai ta, ba aji ba. Saboda irin wahalar da 'yan matanmu suka sha ne gwamnatin Gana ta dakatar da kai 'yan aikin gida ƙasashen yankin Gulf a 2017. Tun daga lokacin wasu ejan suka koma kiran aikin da wani suna, "koya wa yaran gida Turanci", suna kuma fitar da mutane ta ƙasar makwabta don kauce wa tambayoyin jami'anmu. In aka ce jirginki daga Lome zai tashi kuma kada ki faɗa wa kowa a kan iyaka inda za ki, ki ɗauki jakarki ki koma gida.

Na Asiya ma ya ƙara muni. Ana tallan aiki a Bankok, mutum ya sauka a ɗauke shi a mota zuwa Mae Sot, a tsallaka kogi da shi zuwa Myawaddy a Myanmar, a kulle shi a gidajen damfarar intanet. A farkon 2025 an fito da dubban mutane daga wuraren nan, har da 'yan Afirka da yawa. Iya Turancin da kike taƙama da shi, shi suke nema.

To yaya za ki tantance? Makaranta ta gaske ba ta karɓar kuɗi kafin ta ɗauke ki, kuma za ta yi miki intabiyu ta bidiyo, sau da yawa ta ce ki gwada darasi na minti goma. Wadda ta ɗauke ki ba ta ga yadda kike koyarwa ba, ba koyarwa take so ba. Ki nemo lambar makarantar da kanki, ba wadda ejan ya ba ki ba, ki kira ki tambayi ko sun san sunanki. Ki ce a haɗa ki da malama mace baƙuwa da ke aiki a can yanzu, ki tambaye ta abu uku: fasfo ɗinta yana hannun wa, ran nawa ga wata ake biya, su nawa ne a ɗaki. In ejan ɗan Gana ne, dokar ƙwadago ta 2003 ta ce sai da lasisi, ki je ofishin leba ki tambaya ko sunansa na cikin rajista. Wanda ya yi fushi don kin bincika ya ba ki amsa ke nan. In kuma kin ga alamar fataucin mutane ne, 'yan sanda suna da sashe na musamman a kan haka, da doka tun 2005.

A kwantiragi ki duba albashi bayan haraji, awowin aji a mako, wa ke biyan tikitin komowa, da abin da zai faru in kin ajiye aiki kafin wa'adi. Maganar gida ki sa a rubuta: ɗakinki ke kaɗai ko da mata, da makullinki, ba a gidan mai makaranta ba.

Gida da sauran abubuwa

Kada ki ɓoye wa iyaye sai biza ta fito. Maganar muharrami za ta taso, malamai sun yi bayani a kai kuma ba bakinsu ɗaya ba, ki bar baba ya tambayi malamin da ya yarda da shi tun da wuri, da takardun a hannu. Hijabi kuwa ki sa shi a hoton neman aiki da ranar intabiyu. Wadda ta cire don a ɗauke ta, ta je can tana rigima a kansa, ita ta jawo.

Kafin tashi ki bar kwafin fasfo, biza da kwantiragi wurin mutum biyu a gida, ki kuma tura wa kanki ta imel. Ki riƙe kuɗin wata biyu da na tikitin komowa wanda ba wanda ya san da su, don albashin farko yakan makara. Ki duba ko Gana tana da ofishin jakadanci a ƙasar, kamar Tokyo, Riyad ko Beijin, ko kuwa daga wata ƙasa ake kula da ita, ki haddace lambar. Ki sauka da rana. Ki sayi layin waya a filin jirgi, ki tura hoton lambar motar da ta ɗauke ki. Fasfo in za a kai hukuma, ki raka shi, ki dawo da shi a jakarki. Lesin na gida-gida akwai kuɗi, amma a ƙasashe da yawa bizarki ba ta yarda ba, kuma ni ba na shiga gidan da ban ga uwar yaran ba. Ran Juma'ar farko ki nemi masallaci, a nan za ki samu mai nuna miki inda ake sayar da naman halal da barkono mai zafin gaske. Kanwa da dawadawa dai ki taho da naki daga kasuwar Asawase, ki naɗe dawadawar a leda uku.