Kurakuran da masu sayen injin CNC suke ta maimaitawa a Kebbi

Injinan cashe shinkafa sun yi yawa a Kebbi, tun daga manyan masana'antu na Argungu da Birnin Kebbi har zuwa ƙanana na cikin unguwa. Ga injinan ban-ruwa na noman rani, ga taraktoci. Dukkansu suna cin kayan gyara: fuli, mazaunin boris, faranti mai ramuka, ramin makulli (ki) a jikin shaf. Shi ya sa masu shagon walda da masu ɗan jari suka fara tunanin sayen injin sassaƙa ƙarfe mai aiki da kwamfuta, wato CNC, don a rage kai aiki Kano ko Kaduna. Tunanin daidai ne. Abin gajiyarwar shi ne yadda kowane sabon shiga yake faɗawa ramin da na gabansa ya faɗa, kuma kuɗin da ake zubarwa ba ƙanana ba ne.

Na farko, kuma mafi ciwo, shi ne sayen rauta da niyyar yankan baƙin ƙarfe. Rauta ita ce mai faffaɗan tebur, yawanci mita 1.3 da mita 2.5, da gada mai tafiya a bisansa. An yi ta ne don katako, roba, allon talla, da alminiyom mai laushi idan an bi a hankali. Injin milin na gaskiya kuwa, wato wanda aka yi don sassaƙa ƙarfe, gangar jikinsa zubin ƙarfe ce mai nauyi. Matsakaicinsa, wanda ake kira 850, yana kai wajen tan biyar. Mai sayarwa zai nuna maka bidiyo a waya, rautarsa tana goga wani ɗan ƙarfe, ya ce ai duk CNC ne, kuma nasa ya fi sauri tunda yana juyi 24,000 a minti alhali wancan 8,000 kawai yake yi. Nan ake kama mutane.

A yi lissafin. Wuƙar kabaid (wani ƙarfe mai tauri sosai) mai kaurin milimita 10 tana son juyi wajen 3,500 a minti idan baƙin ƙarfe na yau da kullum take ci. Wuƙar share fuska mai faɗin milimita 63 kuwa juyi 750 zuwa 800 ya ishe ta. Wato aikin ƙarfe ƙarfin murɗawa yake buƙata a ƙaramin juyi, ba gudu ba. Kan rauta, wato sashen da ke juya wuƙa, mai kilowat 2.2 ba ya ba da wannan ƙarfin nasa sai ya kai juyi 24,000, kuma ƙarfin murɗawarsa bai cika Nm 1 ba (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin murɗawa). Ka sauko da shi zuwa 3,500, abin da ya rage maka bai kai rabin kilowat ba, ga shi yana ɗaukar zafi don ba a yi shi domin tafiya a hankali ba. Kan milin mai kilowat 7.5 da ke kai cikakken ƙarfinsa a juyi 1,500 yana ba da kusan Nm 48. Ninki hamsin ke nan. To me zai faru in ka dage? Ka bar juyin a sama, wuƙa ta ƙone cikin minti kaɗan. Ka sauko da shi, kan ya tsaya cak a cikin ƙarfe. Ko da ya yanka, gadar tana lanƙwasawa tana rawa, aikin ya fito da zane-zane, bakin wuƙa ya ɓantare, boris ɗin kan ya fara kuka kafin wata shida. Daidai yake da ɗora wa akuya kayan raƙumi.

Maganin ba wuya. Kafin ka tambayi farashin kowane inji, tara kayan da kake sa ran za a riƙa kawo maka, guda goma ko fiye, ka rubuta irin ƙarfen kowanne, girmansa, da iyakar kuskuren awo da zai iya ɗauka. In ƙofofi ne da gadaje da allon suna, rauta ce taka, kada kowa ya sa ka sayi milin. In akwai mazaunin boris ko guda ɗaya a ciki, zancen rauta ya ƙare. Ramin da boris 6205 yake zama milimita 52 ne, kuma kuskuren da aka saba yarda da shi bai wuce 0.03 ba. Ni dai ban yarda da bidiyon da mai sayarwa ya zaɓa ba. A aika masa zane, ya yanka irin ƙarfenka a kan injin da zai ba ka, ya auna a gabanka ko ya aiko da abin.

Yanzu maganar wuta. A nan ne ake ganin sakacin da ba shi da uzuri. Mutum ya kashe miliyoyi a kan inji, ya biya kuɗin jirgi, ya biya kwastan, ya ɗauko shi daga Legas har gida, sannan ya jona shi kai tsaye da layin da injin walda yake sha. Haba malam! Injin nan cikinsa katuna ne na lantarki, kuma guda ɗaya in ya ƙone, kuɗinsa ya fi na sitabilaiza da ka ƙi saya, ban da makonnin da za ka yi kana jiran a kawo shi daga waje.

Wutarmu 230V ce a layi ɗaya, wajen 400V zuwa 415V a layi uku, 50Hz. Injuna da yawa na Japan da Taiwan 200V zuwa 220V suke ci a layi uku, saboda haka dole sai da taransifoma a tsakani. A tambaya tun kafin biya ko tana cikin kayan, don sau da yawa na hannu suna zuwa babu ita. Injin da aka yi don Amurka, mai 60Hz, yakan yi aiki, amma famfon ruwa da fankokinsa za su ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida na gudunsu, kuma a zafinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yawancin masu ƙera injunan nan suna yarda wuta ta hau ko ta sauka da kashi 10 cikin ɗari kawai, wato tsakanin 360V da 440V ga mai cin 400V. Ɗauki mita ka auna layinka da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu, ka sake aunawa da tsakar dare, ka auna layukan uku ɗaya bayan ɗaya. Abin da za ka gani shi zai gaya maka gaskiya.

Tsarin da nake bi ke nan: sitabilaiza mai layi uku wadda ke daidaita kowane layi daban, sai rile mai yanke wuta da zarar layi ɗaya ya ɗauke ko an juya jerinsu, sai na'urar tare tsawa saboda damina. Ɗaukewar layi ɗaya ita ce mai kashe moto a ɓoye, don injin zai ci gaba da ƙoƙari a kan biyu har ya ƙone. Juyewar jeri kuwa yakan biyo bayan gyaran layi a unguwa: famfo ya koma juyawa baya, ruwa ko mai ya daina zuwa, kai ba ka sani ba.

Janareta ma ana raina shi. Idan takardar inji ta ce 20 kVA, ba na haɗa shi da abin da bai kai 40 kVA ba. Dalili biyu ne. Lokacin da kan yake tashi yana fizgar wuta da yawa a take, lokacin da yake tsayawa kuma, a injuna da yawa, yana mayar da wuta baya cikin layi. Ƙaramin janareta ba ya iya shanye wannan, sai ƙarfin wuta ya yi tsalle, inji ya buga ƙararrawa ya tsaya a tsakiyar aiki. Masu tunanin sola su ma su yi wa mai haɗa musu inbata wannan tambayar ta mayar da wuta baya, kafin a jona. Kuma duk aikin da zai wuce awa guda, gara a tada janareta tun farko ko da akwai wutar gari. Ɗaukewar wuta wuƙa tana cikin ƙarfe tana iya karya wuƙar, ta ɓata aikin da aka yi rabinsa.

Wayar ƙasa kuwa, a kafa wa injin sandarsa, a auna ta da na'ura, kuma a auna ta da rani. Ƙasar da ta ba da awo mai kyau a watan Agusta tana iya bushewa ƙayau a Maris. Kada a kuskura a yi walda a kan teburin inji ko a maƙala masa wayar injin walda. Wanda ya yi haka, shi ya sayi abin da ya same shi.

Zafi da ƙura suna biye. A bazara Birnin Kebbi tana wuce digiri 40, cikin shago mai rufin kwano kuwa ya fi haka, alhali littafin yawancin injuna yana tsayawa ne wajen digiri 40 zuwa 45. A zaɓi inji mai na'urar sanyaya akwatin lantarki. Abin da yara suke yi, su buɗe ƙofar akwatin su kafa masa fanka, yana taimakawa yau, amma da hunturu ƙura ce za ta shiga ta haɗu da tururin mai ta manne a kan katuna. A wanke matatar iska duk mako. Zafi yana taɓa awo ma: ƙarfe yana miƙewa wajen milimita 0.012 a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Sukurun da ke tura tebur in ya fi aikin zafi da digiri 10, a tsawon rabin mita ka rasa 0.06. Shi ya sa ake barin inji ya yi juyin ɗumama na minti 15 zuwa 20 da safe, kuma aikin da awonsa ke da tsanani a yi shi kafin rana ta take.

Girman tebur ba shi ne nisan tafiya ba. Tebur yana iya kai mita guda, tafiyar ta tsaya a milimita 800 hagu da dama, 500 gaba da baya. Tsayi kuma sai ka cire na maƙama da na wuƙa kafin ka san abin da ya rage wa aiki.

Mariƙan wuƙa samfurin BT40 da CAT40 sun yi kama a ido, tsininsu ɗaya, amma wuyansu daban, zaren kan da ake jan su da shi ma daban: na farko M16 ne, na biyu na inci ne. Shi wannan kan da ake jan su da shi ma yana da kusurwa iri-iri. Sa wanda bai dace ba yana lalata haƙoran da ke riƙe wuƙa a cikin kan, wani lokacin ma wuƙar ta fice tana juyi. A duba littafin inji kafin a sayi ko guda.

Ƙwaƙwalwar inji, wato abin da ke karanta umarni, ba a zaɓen ta don kyan allo. Fanuc, Siemens, Mitsubishi, Syntec da GSK duk suna aiki. Tambayar ita ce wa zai gyara maka ita, kuma daga wane gari zai zo. Ra'ayina, tsohuwar Fanuc da masu gyara suka sani ta fi sabuwar da ba wanda ya taɓa gani a ƙasar nan. A tabbata kuma manhajar zane da za ka yi aiki da ita tana iya fitar da umarnin da wannan ƙwaƙwalwar ke ganewa. Moto kuwa, don aikin ƙarfe a ɗauki sarbo, wato wanda ke lura da inda ya kai. Moton sitefa na gama-gari idan nauyi ya yi masa yawa yana tsallake taku bai sani ba, ya ci gaba da yanka a inda ba nan ba.

Game da na hannu, araha ba ta ado. Kada a saya sai an gan shi a kunne. A ɗora agogon awo a jikin tebur, a tura 0.1 gaba, a dawo 0.1 baya, abin da allura ta gaza dawowa shi ne wasan sukuru, kuma in ya wuce 0.02 ka sa kuɗin gyara cikin ciniki. A bar kan ya yi minti talatin a cikakken juyi, a saurara, a taɓa. A sa ya canza wuƙa sau ashirin a jere. Abu mafi muhimmanci, a kwafe faramita, wato bayanan saitin injin, a ajiye wuri biyu. Ɗan batir ne ke riƙe da su. In ya mutu a hanya ko a shago, injin ya manta kansa gaba ɗaya. A injunan Fanuc, ana canza batirin ne inji yana kunne, duk shekara, ba sai ya yi gargaɗi ba.

Sauran kuwa a taƙaice. A auna ƙofar shago da tsayin rufi kafin mota ta iso, a kuma nemi abin sauke tan biyar tun da wuri. Daɓen siminti na ɗaki ba ya ɗaukar milin. A zuba kankare mai kauri da rodi yadda littafin ya ce, a daidaita inji da ma'aunin kwanciya na makanikai, ba na magina ba. Canjin wuƙa yana son iska mai matsi wajen bar 6, busasshiya, saboda haka a zubar da ruwan tankin kwamfireso kullum. Man hanyoyin tebur lamba 68 ne. Baƙin man mota yana toshe ƙananan bututun. Ruwan sanyaya ana haɗa shi kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, mai ake zubawa cikin ruwa ba ruwa cikin mai ba, kuma ruwan burtsatse mai gishiri yana sa shi tsinkewa. A ware kuɗin wuƙaƙe, mariƙansu, maƙama da kayan awo tun cikin kasafi, don inji yakan zo tsirara.

Sai mai tuƙa injin. Maigida yakan ɗauka yaron da ya iya kwamfuta ya isa, alhali wanda ya san ƙarfe ya fi saurin koyon kwamfuta fiye da yadda ɗan kwamfuta zai koyi ƙarfe. Mafi yawan karon da ake yi a watan farko daga abu biyu yake zuwa: an saita tushen aiki na G54, wato inda inji ke fara ƙirga awo, ba daidai ba, ko an canza wuƙa ba a sake auna tsayinta ba. Duk sabon shiri a fara gudanar da shi a iska, milimita 50 sama da aiki, layi ɗaya bayan ɗaya, gudun kai-kawo a rage shi zuwa kashi 25 cikin ɗari, yatsa a kan maɓallin tsayarwa, ido a kan lambar da ke nuna nisan da ya rage wa wuƙa ta sauka.