Kurakuran da Masu Tafkin Kifi Ke Yi Wajen Zaɓen Tsirran Ruwa

Wanda ya haƙa tafki a fadamarsa, ko ya gyara tsohon kududdufi ya zuba kifi, yakan dubi ruwan ya gan shi fayau babu ko ganye, sai hankalinsa ya ƙi kwanciya. Kuma yana da gaskiya. Kifi na son inuwa a zafin bazara, ƙananansu na son maɓoya, gaɓar tafki kuma na son saiwar da za ta riƙe ta idan damina ta kankama. Ɓarnar tana farawa ne daga abin da ake ɗaukowa a zuba.

Babban kuskure shi ne barin kachala, wato doguwar ciyawar nan mai tsirowa a cikin ruwa, ta kafa ƙafa. Wasu da hannunsu suke dasa ta, wai ta tare zaizaya ta kuma zama shinge. Mutumin Guri ko Kirikasamma ba zai yi wannan ba, don ya ga abin da idonsa. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ruwan kogin Hadeja ya daina ƙafewa da rani kamar yadda ya saba. Kachala ta samu abin da take so, wato ruwa marar zurfi mai zama shekara guda cur. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi, ta zama masaukin tsuntsun jan baki mai cinye shinkafa da gero. Abin da ya gagari kogi, ina ga tafkin mutum ɗaya?

Ko ba ka dasa ba za ta zo, don irinta kamar auduga yake, iska ke kawo shi. Maganinta na gaskiya yana wajen haƙa. Kachala ba ta jin daɗin ruwan da ya wuce zurfin mita ɗaya, saboda haka kada ka bar gaɓa ta kwanta ta yi shimfiɗa mai faɗi inda ruwa iya gwiwa ne. A sa gaɓar ta gangara da sauri zuwa zurfi, a bar wuri marar zurfi a kusurwa ɗaya kawai, inda ido zai riƙa kai. Idan ka ga tsiro ɗaya ko biyu, tuge su da saiwa ranar da ka gan su. In kuwa ta riga ta yi gari, a yanke ta a ƙarƙashin ruwa, kamar taƙi ɗaya ko biyu ƙasa da samansa. Ta cikin ganyenta take kai wa saiwarta iska, idan ruwa ya rufe kututturen sai saiwar ta shaƙe. Sai an maimaita sau biyu ko uku, ba aikin yini ɗaya ba ne. Masu cinna mata wuta da rani kuwa aski kawai suke yi mata, saiwar na nan a ƙasa, ga toka ta zama taki.

Sai kainuwa. An ce kainuwa dashen Allah, to amma a tafkin kifi yawanci dashen mai tafkin ce: ya ga ta yi kyau a wani kududdufi, ya ciko bokiti ya kawo. Kaɗan daga cikinta ba laifi, tana ba da inuwa, ƙananan kifi na shiga cikin saiwarta. Amma idan ta rufe fuskar ruwa, rana ba ta shiga, ƙwayoyin gansakukar nan da ke sa ruwa ya yi kore-kore, waɗanda su ne abincin karfasa kuma su ke samar da iskar da kifi ke shaƙa, sai su mutu. Da dare kuma duk wani tsiro da ke cikin ruwa jan iskar yake yi, ba ya bayarwa. Shi ya sa gwajin tafki da asuba ake yin sa. Ka je bayan sallah ka tsaya. Idan ka tarar kifi sun taso suna buɗe baki a saman ruwa, iska ta yi ƙaranci. Kada tarwaɗa ta ruɗe ka, ita tana iya shaƙar iskar sarari, za ta rayu a ruwan da karfasa ta daɗe da juya ciki sama. Na taɓa jin wani yana cewa ai ruwansa lafiya lau tunda tarwaɗarsa na cin abinci, alhali kullum yaransa na tsince matattun karfasa a gefe.

Gyaran mai sauƙi ne. A ɗaure gora huɗu, ko bututun roba, a yi mata keji mai yawo a saman ruwa, a kafe shi da turke. Duk wadda ta fita daga ciki a kwashe a kai gona ta ruɓe. A ganina, kainuwa da bado da duk wani mai rufe ruwa, idan aka haɗa su kada su wuce kashi ɗaya cikin huɗu na fuskar tafkin.

Akwai wata 'yar uwarta mai kumburarren wuya da fure shuɗi mai kyan gaske, wadda ake kira water hyacinth da Turanci. Asalinta daga Kudancin Amurka take, ta shigo Najeriya ta ruwan Badagry a 1984. Cikin mako biyu tana iya ninka kanta. Wannan ko a keji ban yarda da ita ba.

Bado kam namu ne, kuma shi na fi so. Yana da saiwa a ƙasa, ba ya yawo da iska, ganyensa na sanyaya ruwa. Kuskuren da ake yi da shi biyu ne. Na farko, watsa shi ko'ina, sai ranar jan taru ta zo a rasa ta inda za a bi, ƙugiya ma kullum tana maƙalewa. A dasa shi a cikin tsohon baho ko rabin jarka cike da laka, a nutsa a ɓangare ɗaya. Na biyu, ɗauko shi daga ruwan da yara ke wanka ana fama da tsargiya. Ƙananan katantanwar da ke ɗauke da cutar fitsarin jini a ƙarƙashin ganye suke maƙalewa, har da ƙwansu. A datse tsofaffin ganye, a wanke saiwar sosai, a ajiye a baho na wasu makonni ana dubawa kafin a kai tafki.

A bakin gaɓa, inda ruwa ke hawa da sauka, ka nemi jema. Saiwarta ƙasa take yi, tana tsayawa inda aka dasa ta, ga shi a yanka a yi zana. Kajiji ma ya dace da wurin damshi, matan gida kuma ba za su bar saiwarsa ta yi asara ba. Mai son kifin bargi ya bar masa ɗan burugu a kusurwar nan marar zurfi, don a cikin ciyawa yake kewaya sheƙarsa ya yi ƙwai. Duman rafi kuwa a cire shi, yana sa tumaki da awaki makyarkyata idan suka ci.

Dasa itace a kan bangon tafki shi ma kuskure ne. Saiwar darbejiya da turare na huda bango ruwa ya riƙa zurarewa, ganyen da ke zuba yana ruɓewa a ciki. A ja da su baya sosai.

Da yawa kuma idan ciyawa ta fi ƙarfinsu sai su ɗauko feshin gona. Ko maganin bai taɓa kifin ba, ciyawar da ta mutu gaba ɗaya za ta nutse ta ruɓe, ruɓewar ta shanye iskar ruwan cikin 'yan kwanaki. A sa lauje da manjagara, a kwashe kashi-kashi, a fitar da abin da aka yanka waje. Sannan a duba ta ina ruwa ke shigowa. Idan daga gonar shinkafa yake gangarowa, kamar yadda yake a yawancin fadamun Kura da Auyo, to da takin zamani yake zuwa, kuma shi ne ke ciyar da kainuwar da kake ta kwashewa. A yi masa kwalbati ya bi ta gefe, ko a sa shi ya ratsa ta cikin layin jema kafin ya faɗa tafkin.