Kafin ki karɓi odar saƙa ta farko

'Yar uwa in har kin kai matakin da mutane ke ganin hular jariri ko jakar da kika saƙa da kwarashi suna cewa "nawa za ki min irin wannan", toh dan Allah kar ki yanke kuɗi a tsaye, nan ne yawancin masu saƙa ke karyewa tun ba a je ko'ina ba.

Ki zaɓi abu ɗaya da hannunki ya fi faɗawa a kai, ki saƙa shi tun daga farko kina duba agogo. Kin zauna ki rubuta, kin tashi ki rubuta, har da lokacin ɓoye bakin zare da ɗinka maɓalli, don su ma aiki ne kuma suna cin lokaci sosai. In kin gama ki ɗora shi a ƙaramin sikeli. Dunƙulen zare yawanci giram 50 ne ko 100, to in hular ta ci giram 60 kin ga mai 100 ba zai ba ki biyu ba, kuma wannan ragowar ma da kuɗinki kika saye ta. Sai ki haɗa kuɗin zare da ladan awanninki da leda da data da kuɗin aikawa, sannan riba ta hau kai. Wasu za su ce ya yi tsada, ki bar su, wallahi saƙar kwarashi ɗaya bayan ɗaya hannu ke jan ta, ba sa'ar kayan kamfani ba ce.

Ki samu littafi ki dinga rubuta komai: irin zaren, lambar kwarashin ko milimita 3 ne ko 4, da ɗauri nawa ke shiga santimita 10, shi ne zai sa ta biyu ta fito daidai da wadda kwastoma ta gani a hoto.

Maganar kala kuwa, ki duba takardar da ke jikin dunƙulen, akwai lambar kala akwai kuma lambar rukunin rini. Na taɓa yin bargon jariri zare ya ƙare min a tsakiya, na sayo kala ɗaya sak amma rukunin daban, a ɗaki ba ka ganin komai, ina fita da shi rana sai ga layi ya fito ɓaro-ɓaro, haka na zauna na warware aikin kwana uku raina duk a ɓace. Tun daga nan zaren aiki gaba ɗaya nake saya lokaci guda har da ƙarin dunƙule ɗaya.

Oda kuma ba a farawa sai da kafin alƙalami, rabi ya yi, ki rubuta wa kwastoma girma da kala da ranar karɓa a WhatsApp ta amsa. Ki ƙara kwana biyu ko uku a kan ranar da kike zato, wuyan hannu na gajiya kuma in kika matsa masa sai ya kwantar da ke.

Hoto ki ɗauka kusa da taga da safe, kar ki sa fila mai canza kala. Cikin ledar kuma ki saka 'yar takardar wanki: ulu ba ya son ruwan zafi da cuɗa, tsukewa yake, akirilik kuma, wato zaren roba, kar a ɗora masa dutsen guga, a shanya saƙar a kwance don kar ta miƙe.